Fijo Ta Ƙi Tashi, Likitoci Sun Taru

Tun 1975 da aka fara haɗa Fijo a Kakuri da ke Kaduna, har zuwa yau da 504 ta koma hannun 'yan fansho da direbobin kasuwannin ƙauye, ranar da ta ƙi tashi da safe unguwa ba ta rasa likita. Kai dai ɗaga bonet. Kafin ka gama tokare shi mutum biyar sun kewaye ka, kowa da cutar da ya gano. Alhali injin mai kafireta buƙatarsa ba ta da yawa: batir ya juya shi, filogi ya ba da wuta a kan lokaci, fetur ya gauraya da iska daidai gwargwado, silinda ta matse.

Likita na farko mai motar ne da kansa, sarkin taka totur. Da ya murɗa makulli ta ƙi, sai ƙafa ta hau aiki, fat-fat-fat. A cikin kafireta akwai ɗan famfo da ke tsirta fetur duk lokacin da aka taka. Da sanyin hunturu taka ɗaya ko biyu taimako ne. Shi kuwa sai ya yi ashirin, ga cok ya ja har ƙarshe, filogi su jiƙe sharkaf, warin mai ya kai gidan maƙwabta. Maganin kuma a ƙafar tasa yake: ya mayar da cok, ya danne totur ƙasa ya riƙe, ya murɗa, iska ta kwashe rarar man. Ba zai yi ba, don a ganinsa wanda ya tsayar da ƙafa wuri guda ba ya komai. Haka zai yi ta niƙa kik har batir ya mutu, cuta ɗaya ta zama biyu.

Daga nan sai a aika a kira bakanike, kuma yawanci wanda ke zuwa ɗan ɗariƙar kafireta ne. Wannan bawan Allah ko taya ce ta sace, sai ya ɗan harari kafireta. Tun daga bakin ƙofa, bai ko ji kukan injin ba, yake cewa, "Alhaji, obafulo ne." Nan take ya kwance Solex ɗin da shekara uku ba ta yi wa kowa laifi ba, ya baje kayan cikinta a kan kwali, ya zuƙi fetur da baki ya fesa, ya kanga jet a ido yana duban rana. In ramin ya yi masa ƙanƙanta sai ya zura masa waya, kuma daga ranar motar ta koyi shan mai, ba kuma za ta daina ba. Sai ya koma kan sukurun daidaita mai da iska, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, bai ƙirga zagaye nawa ya yi ba balle ya mayar da shi inda ya same shi. A ƙarshe ɗan ƙaramin washa ya rage a kan kwali, ya jefa aljihu ya ce Bature ne ya sa shi don ado. Ba a ce kafireta ba ta laifi ba: fulot kan huje ya nutse, allurarsa kan ƙi rufewa, dattin man bumburutu kan toshe jet. Amma sau da yawa laifinta ɗaya, ita ce a sama, ita hannu ya fi saurin kaiwa.

Abokin gabansa shi ne rewaya, wanda bai taɓa yarda cewa mota na da wata cuta ban da ta wuta ba. Abin haushin shi ne sau da yawa shi ke da gaskiya. Kontak ya ƙone ko tazararsa ta gushe daga milimita 0.4, kondensa ta mutu, rota ya cinye, ko wani ya sauya wayoyin filogi ya ɓata jerin 1-3-4-2. Sai dai na'urar gwajinsa yaronsa ce. "Kai, riƙe nan. Oga, murɗa!" In yaro ya yi tsalle ya ambaci sunan Allah, kwayil na da lafiya, don abin da ya ratsa shi ya haura bolt dubu goma. In kuwa yaro ya tsaya yana murmushi, to, a kawo kuɗin kwayil.

Akwai mai dutse, shi aikinsa gajere ne. Ya ji ƙas-ƙas, injin bai juya ba, sai ya ƙwanƙwasa kan batir. Wani lokaci ta tashi, don farin garin da ya taru a wurin ne ya tare wuta. Ba zai kankare ya ɗaure ba, sai dai ya ajiye dutsen a ƙarƙashin kujera.

Shi kuma Alhaji mai sauye-sauye bai yarda da bincike ba, ya yarda da rasit. Litinin ya je Ƙofar Ruwa ko Panteka ya sayo filogi, Laraba kwayil, Asabar famfon mai, sati na sama kafireta sukutum 'yar kwatano. Ranar da ta tashi bai san wanne ne ya yi aikin ba, ranar da ta sake ƙi kuma ya koma kan filogi. Bai taɓa bari an auna matsin silinda ba, don ya san in aka ce ringi da bawul sun gaji, maganar ta fi ƙarfin aljihun gaba.

Wanda na fi jinjina wa shi ne mai gangare. Shi ya daɗe da yin sulhu da motarsa. Gidan da zai kama haya, masallacin da zai yi Juma'a, har gidan surukai, duk sai ya duba tudu kafin ya tsaya. Inda ƙasa ta miƙe, yaran unguwa sun san aikinsu: giya ta biyu, a danne kuloci, a tura, a saki. Da sun hango shi da makulli sai ƙwallo ta koma wani layi.

Da damina kuma ake ganin mai zargin baki. An kwana ana ruwa, da asuba mota ta ƙi, da hantsi ta tashi ba wanda ya taɓa ta. Wane irin inji ne ke duba lokaci in ba an sa masa hannu ba? Sai a fara lissafin wanda ya yaba fentinta jiya. Raɓa ce ta kwanta a cikin murfin distirbuta, wuta na bin danshi tana zurarewa, rana ta fito ta busar. Tsumma busasshe ya isa, amma tsumma ba ya gaya maka sunan maƙiyinka.

Can gefe akwai dattijon da bai ce uffan ba, hannu a baya. In ya buɗe baki tambaya yake yi: "Da sanyi take ƙi ko in ta yi zafi? Tana juyawa ko ba ta juyawa? Kwana nawa ta yi a ajiye?" In da sanyi ne, cok da filogi zai duba. In ta yi sati a tsaye, man cikin kafireta ne ya bushe, sai famfo ya sake cikawa. In kuwa an sha tafiya da bazara, an tsaya sallah a Kwanar Ɗangora ta ƙi tashi, zafi ne ya tafasa fetur ya zama tururi, sai a buɗe bonet, a ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan famfon mai, a sha rake. Ba a cika kiransa ba, don ba ya kwance komai, mutane kuma ba sa son biyan wanda hannunsa bai yi baƙi ba. Shi ne kuma mai tsoma kara a tanki, tunda allurar man motarsa ta mutu tun zamanin Shagari.

Na baya-bayan nan shi ne ɗan Alhaji da ya dawo hutu daga makaranta da 'yar na'urar da ake jona wa mota ta faɗi cutarta a waya. Irin soket ɗin da ake jona ta sai a 1996 aka wajabta shi a Amurka. Rabin sa'a ya yi a kwance ƙarƙashin sitiyari yana haska tocila, sannan ya fito ya ce, "Baba, wani ya cire mata wajen jonawa."