Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Rundunar Yumɓu Da Ke Ƙarƙashin Gadona

Zuwa ga barade, 'yan lifidi, 'yan baka da dakaru,
Ta hannun Madakinku,
Sansanin Kwalin Taliya, Gaya.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa da fatan damina ba ta jiƙa kowa ba, maganar ganima ce ta sa na ɗauki alƙalami. Sarakunan da sun kashe dukiya a kan harawa da dusa da kanwa, amma da rani ya kama sai mayaƙa su fita su dawo da abin da zai mayar da uwar kuɗi. Ku kuwa harawarku fenti ce, dusarku gam, kuma sai na ƙetare gadar Wudil na shiga Kano kafin in samo mai kyau. Ga wayar da nake yi muku masu, ga ƙyallayen tela na jalala, ga ladan maginiyar tukwane da ke yarda in cusa ku gefen randunanta ranar gashi. Komai yana rubuce. Shafin abin da ya fita ya cika har na hau bangon littafi. Shafin abin da ya shigo kuwa, yara sun samu wurin koyon zane.

Kada wani cikinku ya ce sana'ar ce ba ta da kasuwa. A 1824 wani hafsan sojan Farusiya, a ƙasar Jamus ta yau, mai suna Reisswitz ya nuna wa manyansa wasan yaƙi a kan taswira, suka karɓa suka sa hafsoshi su riƙa koyon dabara da shi. A 1913 marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, ya wallafa ƙa'idojin yadda manya masu gemu za su durƙusa a ƙasa su ja daga da sojojin dalma. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a 1975, ya fito da wasan Warhammer a 1983, kuma a ƙarshen 2024 ya shiga sahun manyan kamfanoni 100 na kasuwar hannun jari ta Landan. Da me? Da 'yan'uwanku na roba, waɗanda tsayinsu bai wuce rabin ɗan yatsa ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke sayar da su: a wargaje, ba fenti. Mai saye ne zai biya kuɗi, ya koma gida ya liƙa hannu da ƙafa, ya sayi burushi ya shafe, sannan ya yi godiya. Ni kuwa na gina, na gasa, na shafe, na naɗa wa kowa rawani, a taya ni kuɗin ƙosai, a kuma nemi gyara.

Ta wajen asali ma ba su fi ku ba. Garin nan da kuke kwance a cikinsa, daga nan ake cewa Abagayawa maƙera suka tashi neman tama har suka yada zango a gindin Dala. Su sun tafi da guduma da zugazugi suka bar birni a bayansu. Ku an kai ku birnin a kwali, kun dawo a kwali, wasunku da karyayyen wuya. Ku 'yan lifidi, tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Shekara ɗari shida ke nan kayanku ke da suna, amma ko kuɗin fentin kwalkwalinku ba ku mayar ba.

Gaskiya ɗaya ce, ba ku rasa 'yan kallo ba. Duk ranar da na shimfiɗa buhu a bakin kasuwa, ko a nan Gaya ko a Ajingi, kafin in gama jera ku an kewaye ni. Dattawa ne kan gaba. Tsoho zai tsuguna, ya ɗaga ɗan lifidi har saitin hancinsa, ya ce, "Yaro, wannan lifidin ya yi gajarta. Na gaske har gwiwar doki yake sauka." Wani ya ce likkafar ta yi ƙanƙanta, wani ya ce ba haka ake riƙe asigiri ba, kakansa ya gaya masa. Daga nan sai musu ya koma kan basasar Kano, wadda ta tashi a 1893 bayan rasuwar Sarki Bello: wa ya bi Yusufawa zuwa Takai, wa ya tsaya wa Tukur, gidan wa aka ƙone. Kafin a kai ga shigar Alu Babba birni a 1894 an kira la'asar. Tsohon ya ajiye ɗan lifidi a hankali, ya sa mini albarka, ya karkaɗe rigarsa. Ilimi kam na samu, har na gyara tsawon lifidin. Sai dai mai fenti ba ya karɓar albarka.

Yara su ne masu niyyar saye, su ne kuma marasa kuɗi. Wanda ya zo da canjin aike ma tambaya yake ko akwai mai babur.

Wasan kansa fa? Na zauna na tsara muku ƙa'ida irin tamu, ba ruwanmu da tef ɗin awo. Barde yana tafiyar taƙi guda, tunda dokinsa ba nauyi. Ɗan lifidi yatsa uku kawai, amma kibiya ba ta huda shi sai ta wuta, domin auduga ce cike a jikinsa, kuma maharban da sun san haka. 'Yan baka suna harbi daga nisan kamu ɗaya. Mutanen da suka ƙware a dara, masu riƙe lissafin gurbi talatin a ka, cikin zama ɗaya suka gane. Tsiyar ta taso ne daga abin da zai raba gardama idan runduna biyu suka gamu. Na kawo ƙwayar ludo, aka ce caca na buɗe a unguwa. Na ajiye ta na ɗauko wuri, aka ce duba na fara, har wata baiwar Allah ta aiko a tambaye ni labarin akuyarta da ta ɓata. Sannan babu mai yarda ya riƙe ɓangaren da tarihi ya nuna an ci. Duk wanda ya zauna, shi ne Alu.

Akwai kuma maganar sura. Wani malami mai mutunci ya kira ni gefe ya yi mini nasiha kan gina abu mai rai, na kuma saurara da ladabi. Wani malamin ya tuna mini hadisin da ke cikin Abu Dawuda, na kayan wasan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, wanda a ciki har da doki mai fukafukai, ya ce malamai da dama sun yi sassauci kan kayan wasan yara. Ni ba malami ba ne, kuma masu wasa da ku duk sun haifa. Shi ya sa kuka ga na ja wa kowa amawali har kan hanci, na bar fuska a shafe. Saboda haka ƙorafin da nake jin wasu barade na yi, wai ba su ganin gabansu, a bar shi. Da kuna gani ma ba inda kuke zuwa.

Yanzu sai kai, Madaki. Allah ya ja zamaninka, halinka ya ishe ni. Kai ne kaɗai ake tayawa da daraja. Wani ɗan birni da ya zo biki Kademi ya ajiye kuɗin da ya isa buhun taki, bakina ya buɗe zai ce na sallama, sai na ji ya ce albarka. Mutumin ya ƙara, bakin ya sake cewa albarka. Ban san irin layar da ka ɗaura a damtse ba, amma uwargida ta gano, kuma ta ce idan jarumi ne kai ka zo ka yi cefane. Ta fara kallon kwalinku da idon mai neman wurin ajiye albasa.

Don haka ga umarni. Na yi magana da wani dillali a kasuwar Kurmi, inda baƙi masu son kayan gargajiya ke leƙawa, musamman lokacin hawan Sallah. La'adarsa mai nauyi ce, amma ya yi alkawarin ba zai yi gardamar tsawon lifidi da kowa ba. Barade da 'yan baka su shirya, za a naɗe kowa a tsohuwar jarida a shimfiɗa ƙaiƙayi a ƙasan kwali. Wanda ya karye a hanya, a bakin albashinsa. 'Yan lifidi su jira fentinsu ya bushe su bi ayari na biyu. Masu karyayyen wuya an sallame su da girma, za su koma 'ya'yan dara a gindin darbejiya.

Madaki zai tsaya gadin gida, saboda dalilan tsaro.

Naku mai ɗaukar nauyinku,
Sarkin Yaƙin Buhu, Gaya.