Sojan da Bai Taɓa Fita Daga Kwali Ba

A shekarar 2003 wani Ba'amurke ya zube dala 200,000 ya sayi soja guda ɗaya. Ba mai rai ba fa. Ɗan tsana ne, samfurin farko na G.I. Joe, wanda kamfanin Hasbro ya kai kasuwa a 1964. Masu tara irin waɗannan kaya suna da ƙa'idarsu: sojan da ba a taɓa buɗe kwalinsa ba ya fi kowanne tsada. Wato wanda bai leƙa fagen daga ba, shi ne jarumi.

A Bagudo lissafin ba haka yake ba. Namu sojojin robar a dilar gwanjo suke tasowa daga Kwatano, su tsallako iyaka ba fasfo, ga bindiga tsirara a hannu, amma ko kwastan bai ɗaga kai ba. Kafin magariba yaro ya tauna kan kyaftin, ya karya ƙafar saje, kofur ya faɗa kwata. Wanda ya tsira, da safe inna ta hura murhu da shi, don itacen ya jiƙe, kananzir kuwa sai mai hali. Dala nawa aka tuƙa tuwo da su tsakanin Tsamiya da Illo, Allah kaɗai ya sani.