Gamsasshen Bayani Kan Gane Maharbin Teku Ta Hanyar Karanta Fata

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, Allah Ya ƙara mana fahimta, cewa a cikin teku akwai wata halitta da Turawa ke kira jelifish, suna jingina ta ga kifi alhali ko ƙaya ɗaya ba ta da ita. Larabawa suka ce mata ƙindilul bahri, wato fitilar teku. Bahaushe kuwa bai raɗa mata suna ba, domin daga Kano zuwa bakin teku tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma ba a yanka rago don ɗan da ba a gani ba. A nan za mu kira ta lemar teku, saboda kamanninta.

Kashi 95 cikin ɗari na jikinta ruwa ne. Ba ƙwaƙwalwa, ba zuciya, ba jini. Abin da ta mallaka shi ne igiyoyi masu reto, kowace igiya da dubban ƙananan jakunkuna, kowace jaka da allurar dafi naɗe a ciki. Da fata ta goge su sai alluran su fita, kafin ƙiftawar ido ta yi ko shirin farawa. Tunda ba ta da wurin ajiye niyya, malaman wannan fanni sun haɗu a kan cewa ba a kama ta da laifin ganganci.

Ga inda mas'alar take. Idan kunama ta harbi mutum, zazzage takalmi ake yi, a same ta, a kashe, a kai wa mai magani gawarta. Lemar teku kuwa launin ruwa gare ta, ta harba ta bi igiyar ruwa. Aka tambayi mai ƙara wa ya yi masa haka, sai ya ce, "Wani abu ne." Wanda ake tuhuma ya tsere, kuma danginsa iri-iri ne: wani zafin yini ɗaya, wani kabari. Shaida ɗaya ta rage, ita ce fata, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wanda ya taɓa zama kusa da tsohon wanzami ba zai sha wuyar fahimta ba. Dubi ɗaya zai yi wa kunci ya ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakabe. To lemar teku ma kowace da irin tsagarta, illa dai ita a jikin wani take yi, ba tare da an biya ta ladan aiki ba. Chironex fleckeri ta arewacin Ostareliya, mai igiyoyi har sittin, kowace tana kai mita uku, shatarta kamar ta bulala ce, da ƙananan layuka a gicciye kamar matakalar tsani.

Mataki na gaba shi ne damatoskof, gilashi mai fitila da likitan fata ke ɗora wa tabo, yana ƙara girman abu sau goma. A 2016 wasu likitocin Sifaniya suka wallafa abin da suka gani da shi a jikin waɗanda Pelagia noctiluca ta Bahar Rum ta harba: ɗigo-ɗigo ruwan ƙasa, ɓawon rauni ƙanana, miki mai tafiyar maciji, da wani zane da suka sa wa suna rubutun Sinawa. A nan ya kamata ɗalibi ya dakata ya yi tunani. Halittar da ba ta taɓa riƙe allo ba ta rubuta Sinanci a cinyar mutumin Sifaniya, likita kuma ya karanta ya gane marubucin. Ra'ayinmu shi ne a bar rubutun ba fassara.

Sama da wannan akwai madubin konfokal, mai aiki da hasken leza, wanda ke nuna ƙwayoyin fata ɗaya-ɗaya ba tare da an yanka ba, zuwa zurfin kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Akwai wata na'ura mai leƙa milimita ɗaya zuwa biyu, akwai kuma sikanin irin na masu juna biyu, mai auna kumburi. Sharaɗin ingancin waɗannan na'urori uku ne: babban asibiti, wutar lantarki, da majinyaci mai haƙurin jiran layi. Shi kuwa wanda Chironex ta kama yana kwance kan rairayi da gajeren wando, kuma dafinta na iya tsayar da zuciya cikin 'yan mintoci.

Saboda haka muka fi karkata ga mazhabar birnin Darwin na Ostareliya. A 1995 likitoci a can suka nuna cewa idan aka manna salatif a kan tabo, aka ɓamɓare, aka ɗora bisa gilashi ƙarƙashin madubin likita, jakunkunan dafin suna biyo shi, siffarsu kuma ta tona asirin mai su. Salatif ɗin nan dai da mai shago ke liƙe yagaggiyar naira ashirin.

Sai dai akwai wadda ta gagari kowa, Irukandji, mai girman farcen yatsa. Tabonta da ƙyar ake gani, sai bayan kamar rabin awa ciwon baya, amai, gumi da hauhawar jini su taso, tare da yaƙinin cewa ajali ya zo. Likita Jack Barnes ya gano mai jawo wannan ciwo a 1961 ba da na'ura ba. Ya kamo halittar, ya ɗora wa kansa, da ɗansa mai shekara tara, da wani mai ceton masu iyo. Su ukun aka kwasa zuwa asibiti, hujja ta tabbata, aka sa wa halittar suna Carukia barnesi. Wannan mazhaba ingantacciya ce, amma mabiyanta ba su da yawa, musamman cikin iyaye mata.

Game da magani, a taƙaice: harbin Chironex a kwarara masa ruwan khal na daƙiƙa 30 a nufi asibiti, inda makarin dafin da ake samu daga jinin tumaki yake. Kada a murza, kada a zuba ruwan sha, domin yana tayar da alluran da ba su fashe ba. Maganar zuba wa harbin fitsari kuwa mai rauni ce ƙwarai, yawan masu ruwaito ta bai ƙara mata ƙarfi ba.

Kai kuma alhaji, idan ka sauka Jidda ka fita kallon Bahar Maliya, ka ga wani abu yashe a bakin ruwa kamar ledar fiya wata, kada ka sa hannu. Matacciyarta ma tana harbi.