Alhaji, Wane Batir Kake Nufi?

Na san fatawarka, Alhaji, ba sai ka gyara zaman hula ba. Wai motar lantarki waya ce mai taya huɗu, shekara biyu batir ya kumbura, a jingine ta a bayan gida kaji su samu masauki. To madalla. Amma wane batir kake nufi? Ka yi shiru ko? Ai ba iri ɗaya ba ne.

Akwai NMC, haɗin nikel da manganis da kobalt. Yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki, mota ta yi dogon zango, amma ɗan gata ne, ba ya son a cika shi fal kullum. Shi ya sa ake cewa a tsaya a kashi 80 in ba doguwar tafiya ce ta taso ba. Ga tsada, don kusan kashi 70 na kobalt ɗin duniya daga Kwango ake haƙo shi.

Sai LFP, na ƙarfe da fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas a 1996. Dattijon nan ya karɓi kyautar Nobel a 2019 yana da shekara 97, ka ga shi ma nasa batirin bai kumbura ba. LFP ya fi nauyi, zangonsa bai kai na NMC ba, amma yana iya jure caji sama da 3,000, kuma ba ya saurin kama wuta. Ɗauko carbinka mu yi lissafi: in kowane caji ya kai ka kilomita 300, an tasar wa kilomita 900,000. Kujeru za su yage, ƙofa ta daina rufuwa, batir na nan. LFP ɗin nan BYD ta sa a batirinta na Blade a 2020, Tesla kuma har shawara take ba masu irinsa su cika shi taf ko sau ɗaya a mako. Galibin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000.

Kada ka tashi tukuna, akwai inda kake da gaskiya, kodayake tsintar ta ka yi. Zafi na cin batir. Nissan Leaf ta farko, ta 2010, ba ta da ruwan sanyaya batir. Zuwa 2012 masu ita a Finiks ta jihar Arizona sun fara kuka. A gaban direba akwai sanduna 12 da ke nuna lafiyar batir. Mutum ya wayi gari ya ga 11, kafin ya gama mita ya ga 10, kuma wadda ta tafi ba ta dawowa. To ranar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, da ke haura maki 40, ba ta fi ta Arizona tausayi ba. Motocin da ke zagaya ruwa a jikin batir sun fi jure wannan wahala nesa ba kusa ba.

Maganar ɗauke wuta kuwa, bar ta, wannan shari'ar wata rana ce.

Saboda haka ranar da dillali ya kawo maka 'yar Kwatano yana ta rantse-rantse, daina shafa fenti. Tambaye shi batirin LFP ne ko NMC, kuma ana sanyaya shi da ruwa? In Leaf ce, kunna ta ka ƙirga sandunan da idonka. In ya fara sosa ƙeya, Alhaji, riƙe kuɗinka.