Arhar Zanzibar

A majalisarmu ta gindin mai shayi akwai wani bawan Allah da tun dawowarsa daga Zanzibar ba mu sake samun wata hira ba. In an taɓo tsadar shinkafa, sai ya ce a can kifi kamar kyauta yake. In an yi kukan zafi, sai ya zaro waya ya nuna mana farin yashi. Daren Talatar nan ya tara samari uku yana ba su karatu: wai tafiya ba kuɗi take so ba, dabara take so, shi da dala 300 ya yi mako guda har ya dawo da canji. Na ga ɗan ƙanwata ya soma kallon babur ɗinsa irin kallon da ake yi wa rago ana gobe kasuwa. Sai na ajiye kofi.

Na ce, "Alhaji, ka tuna mini da wani mutum da na sani. Shi ma can ya je, sai dai shi bai kai ka dabara ba."

Shi wannan mutumin a watan Afrilu ya tafi, don ya ga kuɗin masauki ya faɗi warwas. Bai tambayi dalili ba. Ashe daga Maris zuwa Mayu damina ce, wadda mutanen can ke kira masika, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Tun kafin ya bar gida aljihu ya fara yoyo. Mai fasfon Najeriya ba ya karɓar bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai ya nema tun da wuri ya jira amincewa. Ga katin rigakafin shawara. Ga inshorar dole ta dala 44 da hukumomin tsibirin suka ɗora wa kowane baƙo tun 1 ga Oktoban 2024, ko da kana da wata inshorar a jaka. Duk wannan bai sa shi a lissafi ba, wai ai ba a can aka kashe ba.

Tikitin da ya fi sauƙi a Darussalam yake sauke mutum, saboda haka sai an ƙetara ruwa. Tafiyar awa biyu ce, amma kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban. Ya yi ta nuna fatarsa yana cewa shi ma ɗan Afirka ne. Mai sayar da tikiti ta ce ba fata take dubawa ba, fasfo. Aka yanka masa kusan dala 35. Ya miƙa wata tsohuwar takardar dala da ya sayo da rangwame wurin ɗan canji, aka turo masa abarsa. Araha dai ba ta ado.

Yana sauka a Mji Mkongwe, tsohon garin nan na duwatsu mai lunguna kamar cikin birnin Kano, wani saurayi ya karɓe jakarsa da fara'a yana ta karibu, karibu. Mutanen gari na kiran irin waɗannan samari papasi, wato kaska, kuma wanda ya raɗa sunan ya san kaska. Ya zaga da shi lungu bakwai zuwa masaukin da taku ɗari ya isa, sannan ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran ladan rakiya. A ciki kuma aka ce ban da kuɗin ɗaki akwai harajin kwana, kowane dare, kowane kai.

Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne na agogo. Ya biya kafin alƙalami wurin mai kwalekwale don a kai shi tsibirin Changuu ya ga manyan kunkuru. Mai kwalekwale ya ce masa saa tatu. Don gudun biyan tafinta sai ya tambayi wayarsa, ta ce ƙarfe uku. Bai san Sawahilawa daga fitowar rana suke fara ƙirga awa ba, ukunsu ita ce taranmu ta safe. Ya ci ado ya iso da yamma, ya tarar da teku da iska.

Samarin suka fashe da dariya. Alhaji ma ya yi, amma tasa ba ta sauka ƙasa da leɓe ba.

Daga nan ya nufi Paje a gabashin tsibirin, ya ce shi ba zai hau tasi ba. Ya shiga daladala, motar hayar can, daga Darajani, gwiwa a haɓa, buhun gawayi a sama, ruwan sama na feso shi ta gefe har wayar ta sha ta ƙoshi. Ya isa ya tarar teku ta janye can nesa, sai tsandaurin yashi da mata a duƙe suna ɗaure ciyawar ruwa a igiyoyi, sana'ar da suke ci da ita. An ce ya sayi takalmin roba, ya ce almubazzaranci ne. Taku kaɗan ya ɗora ƙafa a kan wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, ƙayoyin suka kakkarye a tafin ƙafarsa, baƙaƙe, jere kamar tsagar gado. Wata dattijuwa ta bar igiyarta, ta aika jikanta ya tsinko ɗanyen gwanda, ta tsaga fatar gwandar ta ɗiga masa farin ruwan a wurin, tana cewa pole, pole. Da ya laluba aljihu ta girgiza kai ta koma bakin aikinta. Na sha tunanin matar nan. A hotunan da ya dawo da su akwai kwakwa, akwai faɗuwar rana har kala uku, ita dai babu.

A kwana na biyar kuɗi ya ce ga garinku nan. Na'urar cirar kuɗi ta ƙi katinsa. Limamin wani masallaci ya ba shi tabarma da shayi mai kanumfari. Da sha biyun dare ya ari waya ya kira wani a gida, murya na rawa: "Yaya, ka rufa mini asiri, ina dawowa zan biya." Wanda aka kira ya fasa kuɗin makarantar 'yarsa ya tura. An kusa shekara ke nan.

Ɗan ƙanwata ya ce, "Kawu, to ya biya?"

Na ce, "Ina zai biya? Ai a lissafinsa har canji ya dawo da shi."

Wuri ya yi tsit, ba ka jin komai sai cokalin mai shayi. Alhaji ya duba agogo ya ce bari ya je ya yi alwala, alhali tare muka yi lisha. Ya yi taku biyu ya dawo, ya tambayi mai shayi nawa ne kuɗin majalisa gaba ɗaya, ya biya, har da ƙwai biyun da na ci.