Furen Turai a Cikin Jarka

Ƙanena da ke karatu a Ostiriya ne ya jawo mini wannan aiki. Ya zo hutu da wata 'yar ambulan, a ciki ɗan iri ne, kowace ƙwaya da doguwar jela mai gashi. Ya ce sunansa Pulsatilla alpina, a duwatsun Alps da Pyrenees yake fitowa, can sama wajen mita 2,000, inda ake hawa da shanu kiwo. Ƙanƙara na narkewa sai ya buɗe farin fure, jikinsa duk gashi, in kuwa saiwarsa ta kama ƙasa to shekara da shekaru yana nan. Sharaɗi biyu ya gindaya mini: irin ba ya tsirowa sai ya sha sanyi na makonni, sannan ɗanyen ganyensa guba ne, ko dabba ba a so ta ci.

Mu nan Kankiya, a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40. Amma akwai firji. Na naɗe irin a jiƙaƙƙen tsumma, na cusa shi tsakanin gorunan zoɓon da uwargida ke sayarwa. Da irin wutar da muke samu, ban san ko sanyi ya sha ko turara shi aka yi ba.

Da damina ta sauka na yanke jarka, na zuba yashi da takin awaki, na shuka. Ba a yi mako ba sai ga tsiro. Na kewaye shi da ƙaya, na tara iyali na yi musu huɗuba a kan guba. A majalisa kuwa har an fara ce mini Mai Furen Turai, ni kuma ban hana ba.

Ganyen dai bai yi kama da na hoton da ke wayata ba. Na hoton a tsattsage yake kamar ganyen karas, nawa kuwa faffaɗa ne mai ƙananan haƙora a gefe, da 'yan gashi biyu a gindinsa. Na ce sauyin ƙasa ne. Da ya yi fure sai ya fito ɗan mitsitsi, rawaya. Nan ma ban karaya ba, domin na karanta cewa akwai wani jinsinsa mai rawayan fure da ke son ƙasa mai tsami.

Ana haka sai Kawu ya zo daga Kusada. Na kai shi gaban jarka, na soma bayani daga kan Alps. Ya duƙa, ya tsinki ganye ɗaya, ya murza, ya ja shi tsakanin yatsu biyu. Yauƙi ya biyo.

"Ɗana, nawa ka sayi wannan lalon?"

"Kawu, guba ce fa!"

Sai muryar uwargida daga madafa: "Malam, ai da shi na yi miyar da ka yi ƙari shekaranjiya."

Awaki ne suka ci lalo, irinsa ya biyo taki. Na Ostiriya kuwa yana can ƙasan jarka, Allah kaɗai ya san halin da yake ciki.

Kawu bai yi mini dariya ba sai da ya kai soro. Amma ya ce in fure nake so mai fitowa babu ganye, in same shi da rani. A watan Fabrairu ya kai ni wata saura a bayan Kusada da wuta ta cinye. Ƙasa baƙi ƙirin, amma ga furanni manya-manya a manne da ita, kowane da kunnuwa biyar, launinsu har ɗaukar ido yake. Rawaya ke nan, wadda masana ke kira Cochlospermum tinctorium. Ita ma saiwarta ce ke kwana a ƙasa shekara da shekaru, ta yi fure bayan gobara, ganye sai damina. Da saiwar ake rini, da ita ake maganin shawara.

Kawu ya ce ba ta son a tashe ta. Na ce ai ni yanzu ina da ƙwarewa. Na haƙa da fartanya, na ƙarasa da hannu, na fito da saiwa guntu-guntu, tafukana sun rine har wuyan hannu, gumin da na yi ta sharewa kuma ya kai launin har goshi da gefen ido.

A motar komawa Kankiya wata tsohuwa ta ƙura mini ido, ta dubi buhun da ke cinyata.

"Sannu, ɗan nan. Shawarar nan ta ci ka da yawa. Ka jiƙa da jar kanwa, safe da yamma."

Kafin mu iso tasha, fasinjoji sun raba saiwar a tsakaninsu, kowa da mara lafiyarsa a gida. Direba ya ƙi karɓar kuɗina, ya ce in ƙara in je asibiti.