Shurbar Adas da Kanwa

Shekara huɗu na yi ina karatu a Khartum, kuma in ka cire ful, ba abin da ya riƙe min ciki kamar adas. Tun da na dawo Kano nake damun iyalina da labarinsa. Har hujja nake kafa musu cewa sunansa ya zo a Suratul Baƙara, aya ta 61, cikin abincin da Bani Isra'ila suka roƙa. Maman Amira ta ce, "Ai su ma da suka roƙa faɗa aka yi musu." Na yi kamar ban ji ba.

Ana nan sai wani abokina ya dawo daga Umara ya kawo min tsarabar jan adas kilo biyu. Ranar goma ga azumi na yi shela cewa yau buɗa-baki a hannuna yake, kowa ya fita min daga kicin.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne, a shekara huɗun nan ban taɓa dafa shi ba. Ci kawai na iya. Amma na ce ai ɗan'uwan wake ne, wake kuwa wa bai san halinsa ba? Tun da hantsi na jiƙa shi, duka kilo biyun. Bayan azahar na ɗora tukunya, na jefa kanwa mai girman ƙwan zabo don ya yi saurin nuna.

Ashe jan adas ba shi da ɓawo, a fashe yake zuwa, minti ashirin ya ishe shi ya narke ba jiƙo ba kanwa. Ruwa na tafasa kumfa ta taso, murfi ya hau rawa, ta malalo ta kashe wutar gas. Na kunna, ta sake kashewa. Na ƙara ruwa, ya kumbura. Na juye a tukunyar da ta fi girma, ya cika ta. Kafin la'asar na sauko da tukunyar da aka yi tuwon sunan Amira.

Launin ne ya fi tayar min da hankali. Na Sudan rawaya ne fes, a matsa lemun tsami, ƙamshin kammun na tashi. Nawa ya koma kalar ruwan kududdufi a watan Agusta. Kammun kuma ba ni da shi, sai na ce daddawa ma ai ƙamshi ce. Ɗanɗanawa babu hali, ina azumi, don haka gishiri sau uku na zuba, bisa kyakkyawan zato.

Aka kira sallah. Amira ta kai cokali ɗaya baki, ta dube ni da tausayi. "Baba, kunun ya lalace." Uwarta ba ta ce uffan ba, ta shiga ɗaki ta fito da ƙosai da kunun tsamiya. A murhun maƙwabta ta yi su tun la'asar.

Duk da haka ban karaya ba. Na cika kwano na aika wa Malam na gidan kusa, tunda shi ma ya yi zaman Sudan, zai san darajar abin. Bayan tarawi yaro ya dawo da kwanon a wanke.

"Malam ya ce an gode, Allah ya saka. Wai sau nawa ake sha a rana, kuma maganin mene ne?"